Idan faya ta fashe ba naƙuda

A aikin ungozoma na lura cewa macen da fayarta ta fashe ciki bai kai sati 37 ba, rashin ciwon ne yake cutar ta. Da naƙuda ce, da tuni an nemo mota. To ruwa ne kawai ke tsiyaya. Ita ta ɗauka fitsari ne, uwar miji ta ce zaƙi ne yake fita, a bari ya ƙare. Mai cikin fari kuwa kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, sai ta yi ƙunzugu ta ci gaba da girkinta. Kafin a kawo ta, ga zazzaɓi, ruwan ya fara wari, zuciyar jariri na bugawa sama da 160 a minti. Ƙwayoyin cuta sun riga sun hau mahaifa.

Abu mafi wuyar koya wa ɗalibai shi ne su riƙe hannunsu. Duk yatsan da aka zura don a ji ko bakin mahaifa ya buɗe, cuta yake turawa sama. Da tsabtataccen ƙarfen dubawa ake leƙawa, a ga ruwan ya taru, shi ke nan.

Sai magani. Cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, erythromycin muke bayarwa kwana 10, ban da co-amoxiclav, tun da wani bincike mai suna ORACLE na 2001 ya nuna co-amoxiclav yana ƙara ruɓewar hanjin bakwaini. Idan ciki bai kai sati 34 ba kuma babu alamar cuta, akwai allurar dexamethasone huɗu, awa 12 tsakani, don huhun jariri ya yi ƙwari. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, har da asibitocin Najeriya, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini. Amma fa sai an san satin cikin, kuma a nan muke shan wuya. Wadda ba ta yi hoton ciki da wuri ba za ta ce miki, "Bayan ƙaramar sallah na daina gani." Haka za ki ɗauko kalanda ki yi ta lissafi, alhali sati biyu kan raba jaririn da zai yi numfashi da kansa da wanda sai an sa shi a kwalba.

Maigida kuma yana bakin ƙofa: "Malama, tunda ba ta jin ciwo, a sallame mu mana." Ba na ganin laifinsa, kuɗin gado ba wasa ba ne. Sai in ce, "Malam, kusan rabin irinsu cikin sati guda suke haihuwa, kuma idan cibiya ta riga jariri fitowa, mintoci ne tsakaninsa da mutuwa. Daga garinku zuwa nan awa nawa ne?"