Talata, ranar awo

Ciki ya shiga wata huɗu amma har jiya ba mu tsayar da inda zan dinga zuwa awo ba. Maigidan yana son asibitin kuɗi na cikin gari, wai can babu layi kuma ana tarairayar mutum, Inna kuwa cewa take su a zamaninsu cikin fari ɓoye shi ake, ungozoma ta gida ta wadatar. Ni dai kunya ba ta barina in ja da surukata, sai na roƙa a bar ni in je ƙaramin asibitin gwamnati na nan kusa da mu in gani da idona.

Wallahi layi kam akwai shi. Mata cike a kan benci wasu a tabarma, ma'aikaciya ɗaya ce ke gwaji ɗaya na rubutu, sai bayan azahar aka zo kaina, ƙafafuna har sun yi tsami. Amma da na shiga ban ji an yi min na gaggawa ba, ta auna hawan jini, ta ɗora ni a sikeli, aka ɗebi jini da fitsari, aka yi min allurar tetanus, ta ba ni maganin ƙarin jini da Fansidar na zazzaɓin cizon sauro ta ce in haɗiye a gabanta. Ta ce tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awo sau 8 maimakon 4 na da, kar in zo sau ɗaya in ɓace.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar jijjiga. Ta ce mai cikin fari ta fi shiga hatsarinta, in na ga fuska da hannu sun kumbura, ko ciwon kai mai tsanani, ko ido na gani dishi-dishi, kar a tsaya hayaƙi da tofi, a kawo ni ko tsakar dare ne. Na ce mata, Anti, to in abin ya fi ƙarfinku fa? Ta ce takarda suke rubutawa zuwa babban asibitin Jahun a jihar Jigawa, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aiki tun 2008 kan haihuwa mai gardama da yoyon fitsari, can akwai tiyata akwai ƙarin jini.

Nan fa na gane tambayar da ya kamata mu yi tun farko ke nan, ba wane asibiti ya fi kujeru masu laushi ba. Ƙawata da ke zuwa na kuɗin ta ce ana ganinta da wuri, gaskiya ne, amma kowane zuwa sai an biya kati an biya gwaji, kuma da daddare ba kullum ake samun likita ba.

Bayan isha'i na zayyana wa maigidan komai. Mun tsaya a kan awo a na gwamnati, hoton ciki kawai za mu je na kuɗi tunda namu babu injin. Kuɗin riɗin da ya ware kuwa a ajiye su saboda mota da jini. Katin zan tafi da shi gidanmu in lokacin goyon ciki ya yi, su ci gaba daga inda aka tsaya. Saura Inna, ya ce shi zai yi mata magana da safe, kuma gobe zai karɓo lambar direban da ke kwana a garin nan.