Abin da na koya game da jan suga a harkar kek

Tunda na fara yin kek da kukis na sayarwa a gida nake lura jan suga halinsa daban ne da fari. Yawancin na leda da ake samu a kanti farin suga ne aka mayar masa da molasis, wato baƙin ruwan raken nan mai kauri da ake cirewa wajen tace suga. Mai haske yana da kamar kashi 3.5 cikin 100, mai duhu wajen 6.5, kuma ɗan wannan shi ke riƙe danshi. Shi ya sa kukis ɗinsa ke fitowa da laushi, kek ya kwana biyu bai bushe ba. Amma cincin kam ban yarda ba, ana son shi ƙaras-ƙaras, jan suga kuma sai ya sa ya yi duhu a mai tun cikin bai soyu ba.

Jan suga yana da ɗan tsami-tsami, don haka da bekin soda yake tafiya, su biyun ne ke haɗuwa su tayar da kwaɓi. Wajen awo kuma sai an danna shi a kofi da bayan cokali, in kin juye ya fito da siffar kofin to awo ya yi.

Hunturu ne matsalarsa. Ki bar leda a buɗe dare ɗaya a watan Janairu, da safe sai turmi. Ni a roba mai murfi nake zubawa in jefa yankan burodi ɗaya, washegari ya saki.

Mazarƙwaila tana iya maye gurbinsa, irin ta Maƙarfi ma ƙamshinta ya fi na kanti nesa ba kusa ba, sai dai bota ba ta buguwa da ita yadda take yi da suga, gara a narka ta da ɗan ruwa a tace da rariya saboda tsakuwa, sannan a rage madarar kwaɓin. In a tukunyar yashi kike gashi ki rage wuta, ƙasan yana saurin kamawa.

Masu cewa a yi musu kek da jan suga wai saboda ciwon suga, gaskiya nake faɗa musu, Hajiya suga ne shi ma, in likita ya hana fari to wannan ma ya shiga ciki.