Da Wace Manhaja Za a Zana Jerin Shimfiɗun Duwatsu?

Duk shekara, da zarar ɗalibai sun dawo daga aikin fili da littattafansu cike da ƙura, tambayar da suke fara yi mini ita ce da wace manhaja za su zana jerin shimfiɗun duwatsun da suka auno. Ga wanda bai saba da aikinmu na masu nazarin duwatsu ba, zanen da ake magana a kai dogon ginshiƙi ne da ke nuna yadda shimfiɗu suka hau kan juna, mafi tsufa a ƙasa, sabo a sama, kowace shimfiɗa da kaurinta da irin dutsenta da girman ƙwayoyinta da burbushin halittun da aka samu a cikinta. Amsar da nake ba su ta samo asali ne daga wata wahala da na sha tun ina ɗalibi.

A wancan lokaci mun auna wani gefen tudu a kusa da Wurno, a kwarin Sakkwato, inda duwatsun rukunin Rima suke a fili. Rukunin ya ƙunshi shimfiɗun da ake kira Taloka a ƙasa, Dukamaje a tsakiya, Wurno a sama, dukkansu na ƙarshen zamanin Kiretashiyos, wanda ya kawo ƙarshe kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, kuma a kansu ne rukunin Sakkwato ya zauna, wanda dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi yake cikinsa. Da muka dawo, na zana komai da CorelDRAW, domin ita ce manhajar da ake samu a kowane shagon buga takardu, kuma kowa ya iya ta. Na ja akwatuna ɗaya bayan ɗaya, ina lissafa tsawon kowanne da hannu, ina cika su da ɗigo-ɗigo na dutsen yashi da gajerun layuka na dutsen laka. Bayan kwana uku ina wannan aiki, malamin da ke duba ni ya kwatanta zanen da littafin filina, ya ɗora yatsa a kan wata siririyar shimfiɗa kusa da gindi, ya nuna mini cewa na karanta santimita 40 a matsayin mita 4. Gyaran wannan shimfiɗa ɗaya ya tilasta mini matsar da duk abin da ke samanta, da rubuce-rubucen gefe, da alamomin wuraren da aka ɗebi samfur, kuma a wajen matsarwar ne wasu kurakurai biyu suka shiga ban sani ba.

Tun daga ranar na gane cewa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce a ina bayanan suke zaune. Idan kaurin shimfiɗa yana cikin tebur, manhaja kuma tana zana ginshiƙin daga teburin, gyaran lamba ɗaya ya wadatar, sauran zanen zai daidaita kansa. Idan kuwa kaurin yana cikin tsawon akwatin da aka ja da hannu, to zanen kansa ne ya zama ma'ajiyar bayanai, kuma babu yadda wani zai tantance shi ba tare da ya ɗora rula a kan takarda ba.

Saboda haka, ga aikin da aka auno a jikin tudu ko cikin kwazazzabo ko ramin haƙar dutse, SedLog nake fara ba kowa shawara. An ƙirƙire ta a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan, an gabatar da ita a wata maƙala a 2009, kuma kyauta ake sauke ta. Mutum yana shigar da kowace shimfiɗa da kaurinta da irin dutsenta, ya faɗi girman ƙwaya a gindinta da kuma a samanta, ya zaɓi ko iyakarta ta ƙasa a yanke take ko a hankali ta sauya ko kuwa ruwa ne ya zaizaye ta. Wannan batu na girman ƙwaya shi ne ya fi burge ni, domin faɗin ginshiƙin yana bin ma'aunin Wentworth na 1922, wanda ya sa yashi tsakanin 1/16 na milimita da milimita 2, yumɓu kuma ƙasa da 1/256. Da kallo ɗaya mai karatu zai ga inda ƙwayoyi ke ƙanƙancewa zuwa sama, alamar da sau da yawa ke nuna tsohuwar hanyar kogi, da inda suke ƙara girma, kamar yadda ake gani inda bakin teku ya riƙa turowa gaba. Tana karɓar bayanai daga fayil na CSV, wanda Excel ke iya fitarwa, tana kuma fitar da zane a PDF ko SVG, wato nau'in fayil ɗin zane da ake iya gyarawa daga baya.

Tana da nata gazawar, kuma bai kamata in ɓoye ba. Sai an girka wata manhaja mai suna Java kafin ta tashi, fuskarta ta tsufa, kuma zanen da take fitarwa ba kasafai yake isa a miƙa wa mujalla kai tsaye ba. Maganin da na samu shi ne in fitar da SVG in buɗe shi a Inkscape, manhajar zane wadda ita ma kyauta ce, in gyara girman rubutu, in ƙara sunayen rukunoni da hotunan fili a gefe. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne ba na taɓa tsawon kowace shimfiɗa a Inkscape. Idan lamba ta sauya, teburin nake komawa.

Masu haƙar rijiyoyin burtsatse buƙatarsu daban ce. Wanda ke haƙa rijiyoyi da yawa a shimfiɗun Gwandu na kwarin Sakkwato, alal misali, yana so ya nuna bututun da aka zura, da wurin da aka sa matatar ruwa, da zurfin da ruwa ya tsaya, kuma kowane rahoto ya fito da fasali iri ɗaya. LogPlot ta kamfanin RockWare an yi ta ne domin irin wannan aiki, kuma kamfanin da ke samun kwangila a kai a kai zai ga amfanin kuɗin da ya biya. Amma lasisinta da dala ake saye, don haka ban ga dalilin ɗora wa ɗalibi wannan nauyi ba, kuma ina hana su kwafin sata da ake yawo da shi a filas, domin ban da haramcinsa, na sha ganin ya zo da ƙwayar cuta ta cinye aikin wata guda. Wanda ya iya rubuta ɗan umarni a harshen kwamfuta na R kuwa, akwai SDAR, mai karanta teburin Excel ta fitar da ginshiƙi a PDF.

Kowace manhaja aka ɗauka, ina roƙon a bar ƙirƙiro alamomin duwatsu na ganin dama. Ƙa'idar 2006 ta FGDC, kwamitin gwamnatin Amurka mai kula da bayanan taswira, ta tanadi zanen cike na duwatsu iri-iri, tubali-tubali ga farar ƙasa, ɗigo ga yashi, kuma masana a ko'ina suna gane su ba tare da dogon bayani ba. Daga kowane ɗalibi nakan karɓi abubuwa huɗu a jaka ɗaya: teburin CSV, fayil na SVG, PDF ɗin ƙarshe mai ɗauke da ma'auni da lambobin GPS na wurin, da hoton shafin littafin fili inda ya fara rubuta awon da fensir. Teburin da hoton shafin nake fara kwatantawa, layi bayan layi, kafin in buɗe zanen.