Yawon daji a Baturiya: yadda muke gudanar da sana'ar

Ina da ɗan ƙaramin kamfani a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, kuma abin da muke yi ba ya cikin sana'o'in da aka saba ji a kasuwar Haɗejiya. Muna kwasar 'yan makaranta, matan ƙungiyoyi, ɗaliban jami'a, wani lokaci har dattawa 'yan fansho, mu shiga da su dausayin Baturiya da dazuzzukan da ke kewaye da shi. Su ga tsuntsaye da itatuwa da kifi, su ji sunayensu da amfaninsu. A biya mu kuɗin mota da na kwale-kwale da abinci da ladan ja-gora. Ma'aikatan dindindin ba mu da yawa, sauran duk 'yan ɗauka ne idan aiki ya kankama.

Wanda bai san wurin ba zai ce me ake kallo. Kogin Haɗejiya da na Jama'are, kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi, sukan bazu a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa su bar tafkuna da fadamu daga nan har Nguru. Baturiya wani yanki ne na wannan dausayi. A 2008 aka sa ta cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta ware saboda muhimmancinsu ga duniya, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da ita gandun daji na ƙasa, tare da wasu wurare tara, ciki har da Falgore ta Kano. Waɗannan bayanai nakan faɗa wa malaman makaranta tun a waya, domin su ne ke sa shugaban makaranta ya sa hannu a takardar izini. Yara ba ruwansu da Ramsar.

Abin da ke kama yara shi ne su ga abu da idonsu. Mukan isa bakin ruwa da sanyin safiya, kafin rana ta yi zafi tsuntsaye su shige inuwa. Abu na farko, tun a bakin mota, shi ne karɓe ɗanƙo, don ba a rasa yaro biyu ko uku da suka soke shi a aljihu. A rubuta suna, a mayar musu idan za a tafi. Sannan a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da madubin hangen nesa guda, a yi ta karɓa-karɓa. Yaron da bai taɓa riƙe shi ba yakan fara da kallon fuskar abokinsa, a yi dariya, sai a bar shi ya gama. Daga nan a nuna masa zalɓe tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi, a ce ya sa masa ido har ya cafki kifi. Da zarar ya ga wuyan nan ya miƙe ya dawo da karfasa a baki, an gama da shi, sauran yinin shi zai riƙa jan hannunka yana tambaya. Kirinjijiya kuwa ba sai an nuna ta ba, fitonta ke sanar da ita tun garken yana sama.

Lokacinmu na aiki hunturu ne, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, saboda a lokacin baƙin tsuntsaye ke nan. Agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa sukan taso daga Turai da Rasha idan sanyi ya rufe ƙasarsu, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka nan wajen Oktoba, su yi ta kiwo har Maris sannan su juya. Wasu akan same su da ɗan zobe a ƙafa mai lamba, wanda masu bincike suka sa musu can don a gane hanyar da suke bi. Ita kuma shamuwa tafiyarta daban: tana zuwa mana gab da damina ta yi sheƙa a itatuwan gari ta ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka. Idan na jera wa yara waɗannan biyu, ɗaya mai zuwa da rani daga arewa, ɗaya mai zuwa da damina daga kudu, sukan fahimci taswira fiye da yadda suka fahimce ta a allo. Ranar 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya, ita ce mafi cunkoso a wurinmu, makarantu kan yi rububinta.

Sai dai gaskiyar sana'ar nan ita ce ba ni ne malamin ba. Ni dillali ne tsakanin masu sani da masu son sani. Ilimin yana wurin tsofaffin masunta, da Fulanin da suka yi shekaru suna bin fadamar nan da shanu, da tsofaffin mata masu tsinkar ganye. Akwai wani dattijo masunci da muke aiki da shi, kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa shiga aji ba, amma da kallon launin ruwa da irin ciyawar da ke bakinsa zai gaya maka ko tarwaɗa ce a ciki ko kurungu. Da rani yakan kai mu busasshen tafki, ƙasa ta tsattsage, ba ɗigon ruwa ko na alwala. Ya yi ta bi a sunkuye yana duba ƙasa, har ya ga wata 'yar ƙofa da ba ta kai bakin kwalba ba. Sai ya ce, "Ku matso, jikokina, kowa ya tsuguna." Ya sa fartanya ya haƙa a hankali, ya ɗago curin laka, ya ɓare shi, sai ga gaiwa a naɗe cikin wata busasshiyar fata mai kama da leda, da ranta. Wani yaro daga Dutse ya ja da baya ya ce, "Baba, ta mutu ne?" Ya ce, "Barci take, ɗana, damina take jira." Daga nan ni nake karɓa in yi bayanin cewa gaiwa tana da huhu, iska take shaƙa ta wannan 'yar ƙofa, kuma takan yi watanni a haka. Bayanina na minti biyu ne. Wanda ya san inda za a haƙa shi ne ya yi aikin.

Saboda haka ladan da nake ba Baba daidai yake da wanda nake ba matashin da ya karanta ilimin gandun daji yake mana ja-gora. An sha yi mini magana a kan haka, har da shi matashin, amma ban sauya ba. Idan ba a biya dattijo ba, sau ɗaya zai zo don kunya, na biyu ya ce yana da uzuri, kuma yana da gaskiya, domin safiyar da ya ba mu ta kamun kifinsa ce.

Da farko na ɗauka 'yan birni ne kawai ke bukatarmu, su ne kuma ke biya. Amma yaran ƙauyukanmu ma abin ya fara kuɓuce musu. Ka tambayi ɗan shekara goma sha biyu ya nuna maka marke ko ƙirya, sai ya tsaya kallonka, domin an sare su an yi gawayi kafin ya yi wayo; darbejiya da turare ya sani. Gauraka, wadda iyayenmu suka saba gani garke-garke a fadama, yanzu sai ka shekara ba ka ga ɗaya ba, an kame su an kai gidajen masu kuɗi. Ungulu ma ta yi ƙaranci a mahauta saboda masu sayen sassan jikinta. Don haka duk makarantar kuɗi da ta zo daga Kano ko Dutse, nakan ɗora ɗan wani abu a kan kuɗinta, in gaya musu a fili cewa da shi za a fita da 'yan firamaren ƙauye kyauta. Har yau ba wadda ta ƙi.

Fitar mata tsarinta daban. Ba a yin nisa, ba a shiga kwale-kwale sai wadda ta so, kuma ƙanwata ce ke jagoranta tare da wata tsohuwa da muke kira Inna. Bayan la'asar ake fita, a bi gefen gonaki. Inna ta tsinko tafasa, ta nuna yaɗiya tana hawa kan geza, ta bambance musu lalo da rama, ta faɗi wanda ake kwaɗo da shi da wanda ake miya. A tsaya gindin goruba a yi maganar kaba da tabarma, a tsaya gindin bagaruwa a yi maganar jima. Matan birni kan zo da littafi da biro, su koma da ƙullin ganye a gefen mayafi. Da Inna ta ga wata ta kama tumfafiya za ta karya, sai ta daka mata tsawa: "Ke 'yar nan, sake shi, ruwansa ba ya shiri da ido!" Dattawa maza kuwa ba sa son tafiya mai yawa. A shimfiɗa musu tabarma a inuwar tsamiya kusa da ruwa, a kawo shayi, hira ta ɓarke a kan yadda ambaliya take kaiwa a da.

Wannan hira tasu ita ce darasin da nake so ɗaliban jami'a su ji. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Manomi ya yi shinkafa, ruwa ya janye ya bi danshi ya shuka wake, makiyayi ya shigo bayansa. Da aka tare ruwan ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai wasu magudanu suka daina bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama. Yanzu ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ruwa ya yi masa yawa ya cinye gonaki, wani garin kuma ba ya isa gare shi. Cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Nakan shigar da ɗalibai cikinta da kwale-kwale ta 'yar hanyar da masunta suka sara, ciyawa ta fi tsayin mutum hagu da dama, ba ka ganin komai sai sama. Wanda ya shiga sau ɗaya ba ya bukatar a sake yi masa bayanin abin da ya sa mutanen nan ke kuka da ita.

Maganar tsaro ba na wasa da ita, don yaran mutane ne amana a hannuna. Ba yaron da ke shiga kwale-kwale ba rigar kariya daga nitsewa, kuma ba a ɗora fiye da adadin da mai jirgi ya faɗa, ko malami ya roƙa. Ba a wanka, ba a tsoma ƙafa a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Takalmi rufaffe dole ne, ba silifa ba, don kububuwa ba ta gudu idan ta ji mutum. Kafin kowace fita nakan je gaban Bulama in ce, "Ranka ya daɗe, gobe muna da baƙi," in kuma sanar da ma'aikatan gandun daji. Da asuba a bar gari, kafin magariba kowa ya koma gidansu. Makarantun da ke son kwana, a filin firamare muke sauke su cikin gari, da dare a fito a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, mai iya tashi da asuba kuma ya ga Gamzaki idan lokacinsa ne.

Wani lokaci makaranta kan nemi a haɗa mata da Birnin Kudu, a ga zanen shanun da mutanen da can suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Muna yi, amma tafiya ce mai nisa daga nan, kuɗin mai ke cinye ribar.

Damina ita ce matsalar wannan sana'a. Hanyoyi sukan yanke, baƙin tsuntsaye sun tafi, makarantu na jarrabawa daga nan su tafi dogon hutu. Shekarar 2022 da ambaliya ta mamaye Jigawa, watanni muka yi ba mu ɗauki ko mutum ɗaya ba. Abin da ke riƙe mu shi ne gandun renon itatuwa da ke bayan gidana. Yaran unguwa ke tsinto mana ledar fiya-wata muna saye, a cika da ƙasa da taki. Irin kuka da na ɗorawa sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansu, in ba haka ba sai ka gaji da jira. Irin gawo kuwa a turken awaki muke tsinta, wanda ya riga ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsirowa. Gawo ne na fi tallata wa manoma, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Ga wanda ba shi da kuɗin dashe, mukan nuna masa dabarar da manoman Maraɗi suka yi suna da ita tun shekarun 1980, wato sassaben zamani: idan ana sharar gona kada a tumɓuke kututturen kalgo ko sabara da ke tofowa, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta, shi ya sa yake saurin zama itace fiye da dashe, kuma ba ya bukatar ban-ruwa.

Dashen da muke sayar wa makarantu da sharaɗi yake tafiya. Kowane itace a ba shi aji guda da zai kula da shi, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar da aka dasa, don akuya ba ta san bikin dashen itace ba. Bayan wata uku nakan hau babur in zaga in duba. Makarantar da na tarar rabin nata sun rayu, nakan rage mata kuɗin fita Baturiya idan hunturu ya zo. Wadda ta bari suka bushe kuwa ta biya cikakke, kuma ba na sake ba ta dashe bashi.