Ranar sakinsa ce ban yi wa shiri ba

Ni ma'aikacin jinya ne mai kula da masu taɓin hankali a jihar Tahoua, kuma sau ɗaya a wata nake shiga wani gidan kaso domin duba waɗanda aka tsare alhali rashin lafiya ce ta kai su can.

Yaron da har yanzu yake tsaye mini a rai an kawo shi ne bayan ya farfasa kayan wani mai shago a kasuwa. A komisariya an ɗauka tramol ne kawai, amma ya yi makonni babu ƙwaya, bai daina jin muryoyi suna kiransa ba. Alƙali ya nemi likita ya duba shi, tun da dokar hukunta laifuka ta 1961 ba ta ɗora laifi kan wanda ya aikata abu ba ya cikin hankalinsa. Kai shi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa a Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 tare da rakiyar gardi, ya fi ƙarfin iyayensa, sai likita ya sa shi kan allurar haloperidol, maganin taɓin hankali, duk mako huɗu. Kafin wata uku ya soma neman sabulu da kansa, yana bin jam'i.

Kuskuren nawa ne. Da baki kawai muka yi alkawari da abokin aikina na cikin gidan kason cewa zai kira ni idan za a sake shi. Aka yi wa abokin aikin nawa canjin wurin aiki, takardar saki ta fito, yaron ya fita saura kwana biyar allurarsa, ba wanda ya san akwai allura. Na rubuta komai a littafina na asibiti, ban rubuta ko layi ɗaya a takardunsa na shari'a ba.

Bayan wata biyu na same shi a ƙauyensu, ɗaure da mari a gindin bedi. Mahaifiyarsa ta ce mini, “Ɗana, da mun san akwai magani, ai da ba mu ɗaure shi ba.” Na rasa abin da zan ce mata.

Yanzu duk wanda na soma yi wa magani, ina rubuta ranar allurarsa da lambar wayata a takarda uku: ɗaya ga magatakardan kotu, ɗaya ga shugaban gidan kaso, ɗaya ga iyayensa. Ga wanda zai shiga wannan aiki, ya fara tambayar wa ke sa hannu a takardar saki, ya je ya gaishe shi tun kafin ya buɗe kwalbar allura. Shi kuwa yaron, har yau tabon marin yana idon sawunsa.