Jan gargaɗin da na tsallake a shagona na Zango

Ƙannena masu riƙe da salula dare da rana, ku ba ni aron kunnuwanku. Na taɓa buɗe ɗan shagon buga takardu a Zango, nan Damagaram. Yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar André Salifou ne, kowa da fulash ɗinsa, wadda muke ce wa kile.

Wata safiya na buɗe shafin da na saba shiga, sai allon ya yi ja, yana cewa takardar shaidar shafin ba ta inganta ba. Layi ya yi tsawo, ana jirana. Na danna "ci gaba". Shafin ya ce in sauke wani sabuntawa, na sauke. Kafin sati ya zagayo, duk kilen da aka soka a kwamfutata sai ya fita da cuta. Wata ɗaliba ta rasa babi uku na kundin kammala karatunta. Ba ta zage ni ba, kuka kawai ta yi, kuma har yau da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mai gyara ne ya gano bakin zaren. Akwatin wifi na shagon, tun da na sayo shi ban canza kalmar sirrin da ya zo da ita ba. Wani ya shiga ya sauya saitin DNS, wato abin da ke nuna wa kwamfuta inda kowane shafi yake. Sunan da na rubuta daidai ne, amma gidan ɓarawo aka kai ni.

Daga nan na fara karatu, abin da na gani kuwa ya tayar mini da hankali. Manyan hanyoyin intanet ma a kan yarda suke tafiya. Kun san ɗan kamasho a tasha, yana ihun "Kano! Kano!", ka shiga ba tare da ka tambaya ko ta Matamaye za a bi ko ta Magarya ba? Haka tsarin BGP yake: kamfani ya shelanta cewa hanyar wuri kaza tana wurinsa, maƙwabta su gaskata. A Fabrairun 2008 Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a gida, shelar ta fita waje, shafin ya ɓace wa duniya kusan awa 2. A Nuwamban 2018 kuskuren kamfanin MainOne na Legas ya karkata zirga-zirgar Google ta Rasha da Sin sama da awa 1.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Afrilun 2018, da ɓarayi suka karkatar da hanyar DNS ta Amazon, suka kai masu amfani da MyEtherWallet, wurin ajiye kuɗin kirifto a intanet, shafin bogi. Jan gargaɗi ya fito musu. Waɗanda suka tsallake shi, kamar ni, su aka kwashe wa kuɗi.

Waccan babbar hanya ba a hannunmu take ba, aikin kamfanoni ne. Namu shi ne in gargaɗin ya fito mu rufe shafin, ko mutum goma ke jira. Manhajar da aboki ya turo ta Xender ko WhatsApp, a bar ta, a je Play Store. Akwatin wifi na gida ko na shago kuma, ku juya shi yau ku duba. In har "admin" ke buɗe shi, ku canza kalmar sirrin kafin magariba.