Sant Helena, tsibirin da Gwamna ya yi gadin kurkukun Ingila

Jirginmu ya tashi daga Johannesbag, ya sha mai a Namibiya, sannan ya miƙa kan tekun Atlantika, ba ka ganin komai sai ruwa. Sant Helena na da nisan kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka, kuma sai a 2017 jiragen fasinja suka fara sauka can. Kafin nan sai jirgin ruwa daga Kef Tawun, tafiyar kwana biyar.

Jamestown, babban garin tsibirin, gari ne siriri, matse tsakanin duwatsu biyu. Ofishin gwamnati na bakin teku, amma Gwamna yana zaune can sama a Plantation House, inda iska ke da sanyi, wani tsohon kunkuru mai suna Jonathan na kiwo a ƙofar gida. Na tuna yadda Razdan a ƙasarmu ke zama a bariki, nesa da mutanen da yake mulka. Kamfanin East India na 'yan kasuwar Ingila ne ya riƙe tsibirin tun 1659, gwamnatin Ingila ta karɓe shi a 1834. Wasiƙa kan yi watanni kafin amsarta ta dawo daga Landan, don haka Gwamna shi ne wuƙa shi ne nama.

A gidan Longwood na ga inda Napoleon Bonaparte, tsohon sarkin Faransa da Ingila ta tsare a tsibirin, ya rasu a 1821. Gwamna Hudson Lowe ya ƙi kiransa sarki, sai dai Janar Bonaparte, wasiƙunsa ma sai sun bi ta hannunsa. A 1890 aka kawo Dinuzulu, sarkin Zulu na Afirka ta Kudu, daga baya fursunonin yaƙin Bowa, wato Turawan Afirka ta Kudu da suka yi yaƙi da Ingila, wajen 6,000. Dabarar ɗaya ce da ta kai Sarkin Kano Alu Lakwaja: a raba mutum da jama'arsa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwarin Rupert. Daga 1840, sojojin ruwan Ingila kan kama jiragen fataucin bayi su sauke mutanen a nan, sama da mutum 25,000. An ce an 'yantar da su, amma a matse aka ajiye su, ga cuta ga yunwar hanya, kusan 8,000 suka mutu aka binne su a kwarin, da yawa yara ne. Wanda ya rayu akasari sai a tura shi aikin ƙodago a tsibiran Karebiyan. A 2008, lokacin share hanyar aikin filin jirgi, aka tono ƙasusuwan mutum 325, suka zauna cikin akwatuna a ɗakin ajiya har 2022 kafin a sake binne su. Kabarin Napoleon, wanda babu kowa a ciki tun da aka mayar da gawarsa Faransa a 1840, yana da shinge da mai kula. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

Tun 2021 mutanen tsibirin ke da nasu ministoci, amma har yau Landan ce ke naɗa Gwamna, kuma shi ne Gwamnan tsibirin Ascension da kuma na Tristan da Cunha, tsibirin da ke kudu da nisan sama da kilomita 2,000, wanda ba ya da filin jirgi.